Salsalar da ke Ƙaruwa ta Baya: Odin da Kakannin Sarakunan Arewacin Turai

A al'adar duniya zuriya gaba take ƙaruwa: uba ya haifi ɗa, ɗa ya haifi jika, jika ya haifi tattaɓa-kunne. Amma akwai wata irin salsala da ke ƙaruwa ta baya, wadda kakanninta ke daɗa yawa duk sa'ad da aka sake rubuta ta. Marubucin farko ya san kakanni 4, wanda ya zo bayansa da shekara 100 ya san 10, na uku kuwa sai ya kai ta har ga Annabi Adamu. Irin wannan ce salsalar da sarakunan Ingila da na Danmak da Suwidin da Norwe suka riƙa jinginuwa da ita, wadda ta haɗa su da Odin, babban abin bautar mutanen arewacin Turai kafin Kiristanci ya iske su.

Salsalar ta wanzu ne a rubuce-rubucen malamai tsakanin ƙarni na 6 da na 13, kuma har yau ba ta rasa masu gaskata ta ba. A bishiyoyin zuriya da mutane ke tsarawa a intanet akan ga an ba Odin shekarar haihuwa da sunan gari, kamar wanda aka yi wa takardar haihuwa. Wannan karatu yana cutar tarihi, yana kuma tauye wa adabin haƙƙinsa, domin salsalar shaida ce ta gaskiya, sai dai a kan waɗanda suka rubuta ta take ba da shaidar.

Yadda kakanni suka hauhawa a Ingila

A shekarar 731 wani malamin zuhudu na arewacin Ingila mai suna Bede ya kammala littafinsa na tarihin coci da mutanen ƙasar. A ciki ya ambaci Hengist da Horsa, ƴan'uwa biyu da aka ce su suka jagoranci baƙin da suka ƙetaro teku daga ƙasashen Jamus wajajen 449. Ya ce ubansu Wihtgils ne, ɗan Witta, ɗan Wecta, ɗan Woden, wato Odin a bakin mutanen Ingila. A nan Bede ya tsaya, tare da ƙarin cewa gidajen sarauta da dama daga tsatson Woden suka fito.

Kafin ƙarshen ƙarni na 8 aka tattara salsalolin masarautun ƙasar a kundi guda, inda aka rataya Deira da Bernicia da Mercia da Lindsey da Kent da Gabashin Anglia duk a wuyan Woden, kowace ta hanyar wani ɗa nasa. A salsalar Gabashin Anglia ɗan da aka ba shi sunansa Casere, wanda ba kowa ba ne illa Ƙaisar na Rum. A ta Lindsey kuma Woden ya samu nasa iyaye da kakanni har zuwa wani Geat. Da aka zo zamanin Sarki Alfred, wajajen 890, marubutan kundin tarihin ƙasar suka tsara salsalar mahaifinsa Æthelwulf ƙarƙashin shekarar 855, suka wuce Woden, suka wuce Geat, suka bi ta kan Annabi Nuhu har zuwa Adamu. A wasu kwafe-kwafen ma an ba Nuhu wani ɗa mai suna Sceaf, aka ce a cikin jirgi aka haife shi, alhali Attaura ƴaƴa 3 kawai ta ambata.

Cikin shekara 160 ke nan salsala ta tashi daga kakanni 4 zuwa farkon halitta, ba tare da wani sabon shaida ya bayyana ba. Abin da ya sauya shi ne bukatar fada. Sarkin da ya karɓi Kiristanci ba ya iya cewa jinin abin bautar maguzawa ke gudana a jikinsa, ba ya kuma son ya saki martabar da sunan ke ba gidansa. Mafita ita ce a sauko da Woden ya zama mutum, a ba shi uba, a saka shi cikin ƴaƴan Adamu. A 1953 manazarci Kenneth Sisam ya nuna cewa saman salsalar gidan Alfred aro ne daga ta Bernicia, kuma an cusa wasu sunaye a tsakiya har suka zo bibbiyu masu harafin farko iri ɗaya, yadda kunnen mawaƙan ƙasar ke so. Salsalar da aka daidaita don ta yi daɗin rerawa, waƙa ce kafin ta zama lissafin haihuwa.

Ingilawa ba su suka fara wannan ɗinki ba. A 551 Jordanes ya rubuta tarihin Gotawa a birnin Kustantiniya, yana taƙaita aikin Cassiodorus, magatakardan Sarki Theodoric da ya mallaki Italiya har rasuwarsa a 526. Jordanes ya ce Gotawa sun kira manyansu na dauri Ansis, wato rabi mutum rabi abin bauta, ya kuma fara salsalar gidan Theodoric da wani Gapt, sunan da manazarta da yawa ke dangantawa da Gaut, ɗaya daga cikin laƙabobin Odin. Bare ne ke mulkin Rumawa, yana kuwa bukatar asalin da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da nasu.

Snorri da hijirar alloli daga Gabas

Wanda ya ba wannan hikaya cikakkiyar sura shi ne Snorri Sturluson (1179–1241), attajiri, mawaƙi, kuma ɗan siyasar tsibirin Aisilan, wanda sau 2 ya riƙe muƙamin mai faɗin doka a majalisar ƙasar. Aisilan ta karɓi Kiristanci wajajen shekarar 1000, saboda haka Snorri ya rubuta littafinsa Edda, wajajen 1220, cikin al'ummar da ta yi sama da shekara 200 da barin tsohon addini. Damuwarsa ta mawaƙi ce. Waƙar fada ta mutanen Arewa cike take da zaurance wanda ba ya warwaruwa sai da labaran alloli: zinariya gashin Sif ce, waƙa kuma giyar zumar Odin. Matashin da bai san labaran ba, ba zai fahimci waƙoƙin magabata ba balle ya tsara tasa. Snorri na son ya koyar da labaran ba tare da a zarge shi da raya maguzanci ba.

Dabarar da gabatarwar littafin ta bi tsohuwa ce, wadda ake danganta wa Euhemerus Bagirke tun wajajen 300 kafin haihuwar Annabi Isa: alloli mutane ne na dauri, jarumai da masu dabo, waɗanda jahilai suka ɗaukaka bayan mutuwarsu. Gabatarwar ta ce a birnin Turoya, cikin ƙasar Turkawa, wani sarki ya auri ƴar Priam, suka haifi Tror, wanda mutanen Arewa ke kira Tor. Daga shi aka jero sunaye sama da 15 kafin a iso ga Odin, wanda ya kwashi jama'arsa ya nufi arewa, yana naɗa ƴaƴansa sarauta a duk ƙasar da ya ratsa: Skjöld a Danmak, Sæming a Norwe, Yngvi a Suwidin. Sunan allolin, Æsir, aka ce daga Asiya ya samo asali.

Mai karatun da ya san labaran zai tsaya tun a matakin farko. A tatsuniyoyin da littafin da kansa ya kawo, Tor ɗan Odin ne, amma a gabatarwa ya zama kakan kakanninsa. Sunayen da suka biyo bayan Tor kuwa, irin su Lóriði da Einriði da Vingeþór, laƙabobin Tor ɗin ne da kansa aka mayar mutane, sannan aka bi su da Móda da Magi, waɗanda sunayen ƴaƴansa Móði da Magni ne aka ɗan karkata. Daga nan sai wani Seskef, wanda shi ne ya tona asirin ɗinkin duka. Manazarci Anthony Faulkes ya bayyana cewa wata salsalar Ingila ce ta faɗo hannun malaman Aisilan, inda aka rubuta "Se Scef", ma'ana "shi wannan Sceaf ɗin", sai mai kwafe da bai ji harshen sosai ba ya haɗe kalmomin biyu ya haifar da sabon kaka. Daga Seskef zuwa Odin jerin Ingila ne aka ɗauko kusan ɗungurungum. Ashe salsalar Aisilan ba shaida ta biyu ba ce da ke ƙarfafa ta Ingila. Shaida ɗaya ce ta sake riga.

Zaɓen Turoya ma yayi ne na zamanin. Rumawa sun ce daga can kakansu Aeneas ya gudo. Tun ƙarni na 7 wani kundin tarihi ya ba Farankawa, magabatan Faransawa, asalin Turoya, wajajen 1136 kuma Geoffrey na Monmouth ya yi wa Birtaniyawa irin wannan gata. Al'ummar da ke bakin duniya, wadda littafi ya iske a makare, tana son ta nuna cewa ita ma daga cibiya ta fito. Mai karatu a Damagaram ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga wannan hali: ya san Bayajida da aka ce daga Bagadaza ya taso, ya san Sefawan Barno da suka jingina da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, da sarakunan Za na Sanwai da Tarihin Sudan ya ce na farkonsu daga Yaman ya zo. Inda alƙiblar ilimi da addini take, can ake neman kaka.

A Ynglinga saga, kashin farko na tarihin sarakunan Norwe da ake danganta wa Snorri wajajen 1230, labarin ya sake kama. Babu Turoya. Garin Odin yana gabas da kogin Tanais, wanda yau ake kira Don a ƙasar Rasha, kuma abin da ya tashe shi shi ne mamayar sarakunan yaƙin Rum. Gidan sarautar Yngling ma a nan ba daga Odin ya fito ba, daga Frey ne ɗan Njörð. Littattafai 2 da ake jingina wa mutum guda, tsakaninsu kimanin shekara 10, sun saɓa a kan garin asali da kuma kan uban gidan sarauta. Kafin su, tsakanin 1122 da 1133, Ari Þorgilsson ya rufe littafinsa na tarihin Aisilan da tasa salsalar mai sunaye sama da 30, ya fara ta da Yngvi sarkin Turkawa, babu Odin a cikinta ko kaɗan.

Lissafin da ya ƙi haɗuwa

Masu neman Odin na tarihi sukan ɗauki shekara 30 a kan kowane kaka su ƙirga baya. In aka bi Bede, kakanni 4 kafin 449 sun ajiye Odin wajajen 330. In aka bi salsalar Cerdic, wanda kundin tarihin Ingila ya ce ya sauka ƙasar a 495, matakai 9 ne tsakaninsa da Woden, wato wajajen 225. Wani kundin kuma matakai 5 kawai ya ba shi. In aka koma ga Edda, Fróði sarkin Danmak tattaɓa-kunnen Odin ne, kuma an ce ya yi zamani da Ƙaisar Augustus lokacin haihuwar Annabi Isa, abin da ke mayar da Odin ƙarni na 1 kafin Miladiyya. Daga nan ne malaman ƙarni na 18 suka riƙa haɗa hijirarsa da yaƙin Pompey da Mithridates, har Edward Gibbon ya kawo labarin a 1776 yana mai nuna shakkarsa. Tsakanin Odin na farko da na ƙarshe akwai kimanin shekara 400. Duk wanda ya zaɓi guda ya ba shi shekarar haihuwa, sai ya rufe ido ga sauran.

Heyerdahl da tarkon kamannin suna

Mafi shahara cikin masu wannan nema a zamanin nan shi ne Thor Heyerdahl (1914–2002), ɗan Norwe da ya yi suna a 1947 sa'ad da ya ratsa tekun Pasifik bisa gadon itace mai suna Kon-Tiki. A 2001 ya ɗauki nauyin haƙa a garin Azov, kusa da bakin kogin Don, ya kuma fitar da littafi tare da Per Lillieström mai taken Jakten på Odin, wato farautar Odin. Ya ɗauki Ynglinga saga tamkar taswira. Ya ga Æsir a cikin sunan Azov da na Azarbaijan, ya ga Odin a sunan ƙabilar Udi ta yankin Kaukasus, ya ga dangin allolin Vanir a sunan tafkin Van na Turkiyya.

Masanan Norwe sun yi wa littafin kaca-kaca, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Kama da wane ba ta wane. Kalmar Æsir ta fito ne daga tsohon tushe mai harafin n, wanda ya bayyana a Ansis ɗin da Jordanes ya rubuta tun 551. Harafin ya faɗi ne daga baya a bakin mutanen Arewa, sai kalmar ta yi kama da Asiya bisa katari. Sunan Azov daga Azak na Turkanci yake, wanda ya zo ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da ake magana. Odin kuwa asalinsa Wodan ne da harafin w, kamar yadda ya tsaya a Woden na Ingila da sunan ranar Laraba a Ingilishi, daga tushen da ke nufin hauka ko shauƙi, fassarar da Adam na Bremen ya ba sunan tun ƙarni na 11. Kwatanta sifar da suna ya ɗauka a ƙarni na 13 da sunan wata ƙabila ta yau daidai yake da a ce duk mai suna Ali jikan Aliyu ɗan Abu Ɗalib ne. Haƙar Azov ta fito da kayan mutanen da suka zauna wurin, abin da ba wanda ya taɓa musu, amma tukunya ba ta faɗin sunan mai ita.

Ƙasa ta yi magana a wani wurin dabam. A 2020 aka tsinci taskar zinariya a Vindelev cikin Danmak, a 2023 kuma masana suka sanar da karanta rubutun da ke jikin wani ɗan faifan zinariya na ratayawa a wuya, wanda aka ƙera a farkon ƙarni na 5. Rubutun ya kira wani mutum da cewa shi mutumin Odin ne, kuma shi ne ambaton sunan mafi tsufa da aka samu. A zamanin da lissafin Bede ke sa Odin ya zama dattijon da jikokinsa ke raye, mutanen Danmak sun riga sun rataya sunansa a wuya don neman tsari da ɗaukaka.

Abin da ke cikin salsalar na gaskiya

Duk da haka, wanda ya watsar da waɗannan rubuce-rubuce don sun gaza zama takardar haihuwa ya yi asarar da ta kai ta wanda ya haɗiye su ɗanye. Ynglinga saga an gina ta ne bisa wata tsohuwar waƙa, Ynglingatal, wadda al'ada ke danganta wa mawaƙi Þjóðólf na Hvinir wajajen 900, ko da yake Claus Krag ya kawo hujja a 1991 cewa ta ƙarni na 12 ce, ra'ayin da masana da yawa ba su karɓa ba. Waƙar ba ta damu da haihuwar sarakuna ba, mutuwarsu take lissafawa. Fjölnir ya tashi cikin dare da maye ya faɗa ƙatuwar randar giyar zuma ya nutse. Sveigðir ya bi wani wada cikin dutse, dutsen ya rufe. Dómaldi talakawansa suka yanka shi don damina ta yi kyau bayan shekarun yunwa. Aun ya yi ta ba da ƴaƴansa hadaya don a ƙara masa kwana, har ya koma shan madara da ƙaho kamar jinjiri. Shi kansa Odin, a alƙalamin Snorri, ciwo ne ya kashe shi a kan gado. Wannan adabi ne mai zurfin tunani a kan mulki, wanda ke nuna cewa jinin alloli bai hana kowa mutuwar wulaƙanci ba.

A ƙasan jerin kuma tarihi na fara leƙowa. Sarakuna Óttar da Aðils sun bayyana a waƙar Beowulf ta Ingila da sunayen Ohthere da Eadgils, kuma manyan tuddan kaburbura na Tsohuwar Uppsala, inda hikayar ta ajiye gidan Yngling, an tabbatar na ƙarni na 6 zuwa farkon na 7 ne. Salsala tana da hawa-hawa: na ƙasa yana iya riƙe da tunawa ta gaskiya, na tsakiya jaruman waƙa ne da aka aro, na sama kuwa aikin malamai ne masu littafi a gabansu. Aikin mai nazari shi ne ya gane inda wani hawa ya ƙare wani ya soma.

Snorri da kansa ya kafa ma'auni a gabatarwar tarihin sarakunan, inda ya ce ya fi dogara da waƙoƙin da aka rera gaban sarki ko ƴaƴansa, domin ba mawaƙin da zai yabi mutum da aikin da kowa ya san bai yi ba, sai yabon ya koma ba'a. Ma'aunin na da kyau ga yaƙin da ƴan fada suka gani da idonsu. Ba ya aiki ga kaka na 30, wanda babu mai ƙaryata shi a zauren, kuma kowa na da riba cikin gaskata shi. Wajajen 985 mawaƙi Eyvind ya tsara wa Hákon, mai mulkin Norwe a lokacin, waƙar da ta kai gidansa ga Odin, daidai lokacin da gidan ke gogayya da zuriyar Harald masu taƙama da Yngling. Snorri ma a Oddi ya tashi, a hannun Jón Loftsson wanda mahaifiyarsa ƴar Sarki Magnús na Norwe ce, cikin gidan da ke ƙirga kansa daga tsatson Skjöld. Ya san abin da salsala ke saya wa mai ita, ya kuma ga iyakarta: a watan Satumba na 1241 aka kashe shi a gidansa na Reykholt bisa umarnin Sarki Hákon Hákonarson, wanda ya taɓa yi wa waƙar yabo.

Tambayar da ta dace da kowace salsala irin wannan ita ce wa ya rubuta ta, a fadar wa, a wace shekara, kuma me gidan ke nema a lokacin. In aka yi wa salsalar Odin waɗannan tambayoyi, takan amsa dalla-dalla: ta faɗi yadda Gotawa suka nemi zama Rumawa, yadda sarakunan Ingila suka shigar da kakansu jirgin Nuhu, da yadda wani mawaƙin tsibiri ya ceci labaran magabatansa ta hanyar mayar da allolinsu baƙi daga Gabas. In kuwa aka tambaye ta ranar haihuwar Odin, sai ta ba da amsa 3 masu saɓa wa juna, kowa ya ɗauki wadda ransa ke so.